Shan Inna da Danginta a Ƙasar Rogo

A farkon watan Yuli na 2004, damina ta zauna, gidan rediyon Freedom na Kano ya watsa labarin da ya kai sunan Rogo cikin jaridun ƙasashen waje. Jami'an ƙaramar hukumar ne suka kai kuka cewa yara da dama a garuruwansu sun kwanta, ana kuma zargin shan inna ce ta kama su. A lokacin gwamnatin jiha ta yi wata da watanni da dakatar da ɗigon rigakafin cutar, duniya kuma ta zuba wa Kano ido. Kafin watan ya fita, ranar 31 ga Yuli, Gwamna Ibrahim Shekarau ya je Takai ya sake buɗe rigakafin.

Wanda bai san Rogo ba zai ɗauke ta lungu, don daga birnin Kano tafiya ce mai nisa. Amma ƙasar tana zaune ne inda jihohi uku suka haɗa kafaɗa, Kano da Katsina da Kaduna, Zariya ma ta fi mata kusa da babban birnin jiharta. Manomin rake na Zarewa ko Fulatan yana da suruki a Ɗanja, yana da abokin ciniki a Maƙarfi. Yarinyar da aka kai aure Ƙafur takan dawo gida goyon ciki, ta haihu, ta yi wankan jego, ta koma da jaririnta bayan arba'in. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar mutum sama da 227,000, mafi yawansu a ƙauyuka. Duk ƙwayar cutar da ke bin hannu da ruwan sha tana da hanyoyi barkatai a irin wannan ƙasa.

Cututtuka biyu masu taɓa ƙwaƙwalwa da laka ne mutanen Rogo da maƙwabciyarta Ƙaraye suka daɗe da sani da suna, sankarau da shan inna. Akwai ta uku da ba ta taɓa samun suna ba. Ita ce ta jaririn da ya daina kama nono a kwanakinsa na farko, jiki ya ɗau zafi ko ya yi sanyi ƙalau, ya yi jijjiga, kafin a ankara a ce ya koma. In abin ya maimaitu a ɗaki guda sai a ce wabi. Tarihin biyun farko a rubuce yake, kuma ta cikinsa ake iya hango ta ukun.

Sankarau ta bazara ce. Idan hunturu ya wuce, iska ta bushe, ƙura ta cika hanci, zafi ya matsa, sai a fara jin an kwanta a gidan wane: ciwon kai mai tsanani, amai, wuya ya sandare. Ruwan farko na sauka sai ta lafa. Likitocin Turawa sun rubuta annobarta a Arewacin Najeriya tun 1905, ta kuma riƙa dawowa bayan 'yan shekaru, wani zuwan ya fi wani muni. A 1963 wani likitan sojan Faransa, Léon Lapeyssonnie, ya bayyana yankin da take yawo a ciki, wanda yau ake shatawa daga Senegal zuwa Habasha, ƙasar Hausa a tsakiya. A shekarun 1970 Zariya ta zama ɗaya daga manyan cibiyoyin nazarin cutar, lokacin da Brian Greenwood da abokan aikinsa na Jami'ar Ahmadu Bello suka duƙufa a kanta. Cikinsu akwai Dakta Sadiq Wali, ɗan Kano, wanda sunansa ke gaba a rahoton 1979 da ya nuna cewa allura guda ta kuloramfenikol da aka haɗa da mai tana iya warkar da mai sankarau. Ga malamin asibitin ƙauye da majinyata suka cika masa har gindin bishiya, wannan ba ƙaramin agaji ba ne.

Sai dai wannan sankarau ɗin ta bakteriya ce, ƙwayar da ake iya gani da madubin likita, wadda Anton Weichselbaum ya gano a birnin Biyenna a 1887. Shekara huɗu bayan haka Heinrich Quincke na Jamus ya fito da dabarar soka allura a gadon baya, tsakanin ƙasusuwa, a ɗebo ruwan da ƙwaƙwalwa da laka ke kwance a ciki. Na mai lafiya garau yake. Na mai sankarau ta bakteriya kuwa fari-fari ne, kamar ruwan da aka wanke shinkafa. Da dabarar ta yaɗu sai likitoci suka riƙa cin karo da abin da ya ɗaure musu kai: ga yaro da dukkan alamun sankarau, amma ruwan bayansa garau, a kai ɗakin gwaji a shuka ba abin da ke tsirowa, kuma yawanci cikin mako guda ko biyu yaron ya miƙe. A tsakiyar shekarun 1920 wani likitan yara na Suwidin, Arvid Wallgren, ya tattara bayanin irin waɗannan yara, ya ce ciwonsu na daban ne. Daga baya aka gane mafi yawansa aikin bairas ne, ƙwayar da ta fi bakteriya ƙanƙanta nesa ba kusa ba, wadda ba ta hayayyafa sai a cikin jikin mai rai, kuma maganin kashe bakteriya ba ya yi mata komai.

Tun 1908 Karl Landsteiner da Erwin Popper suka nuna cewa bairas ne ke kawo shan inna. A 1948 Gilbert Dalldorf da Grace Sickles na jihar New York suna binciken kashin yaran da ake zaton shan inna ce ta kama su a wani ɗan gari mai suna Coxsackie, sai suka sami wani bairas dabam. Abin lura a kansa shi ne manyan ɓerayen gwaji ba ya kayar da su, jariran ɓeraye yake kashewa. Ba a jima ba aka ga yana yi wa ɗan Adam haka, kuma a nahiyarmu aka gani. A 1952, a wani gidan haihuwa na Johannesburg, jarirai sabbin haihuwa suka riƙa mutuwa da kumburin zuciya, binciken James Gear da abokansa ya kai ga wannan ƙwaya. Daga nan aka yi ta gano 'yan uwanta, har yau an san iri fiye da 100 da ke kama mutum, ana kiran zuri'ar entarobairas. Mazauninsu hanji ne. Suna fita cikin kashi, su bi hannun da ba a wanke ba, ko ruwan sha, ko tari, su shiga baki. Ƙwayar shan inna ɗaya ce daga wannan zuri'a, kuma a ƙasashen da ake gwaji sosai an tabbatar zuri'ar ce ke haddasa mafi yawan sankarau ta bairas, musamman a jarirai 'yan ƙasa da wata uku.

Ita kanta shan inna ba kowa take gurguntawa ba. Cikin yara 200 da ƙwayar ta shiga jikinsu, kamar guda ne ke rasa ƙafa ko hannu. Yawanci ba sa jin komai, wasu su yi ɗan zazzaɓi, 'yan kaɗan kuma ƙwayar ta kumbura musu tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa da laka, su yi ciwon kai da sandarewar wuya, su warke. Ke nan duk yaron da ta gurgunta a Beli ko Gwangwan a wancan zamani, bayansa akwai ɗaruruwa da suka ɗauki ƙwayar suka wuce da ita gida gida, babu wanda ya lissafa su.

Kakanninmu sun ɗora ciwon a kan Inna, iskar da 'yan bori ke kira Doguwa, suka ce ita ke shanye jinin ƙafar yaro. Ni ban ga dalilin raina su a kan haka ba. Abin da idonsu ya gani daidai ne: yaro ya kwanta da zazzaɓi, ya tashi ƙafa ta saki, bayan watanni ta tsotse ta ƙanƙance. Abin da ba su da hanyar gani shi ne ƙwayar ta riga ta lalata jijiyoyin cikin laka masu ba tsoka umarni. Amma fassarar tana da sakamako, domin ciwon da aka jingina wa iska wurin boka ko malami ake kai shi, kuma da wuya mutum ya yarda ɗigo biyu a baki za su kare shi.

A 1988 Majalisar Lafiya ta Duniya ta ƙudurta kawar da shan inna, lokacin tana gurgunta yara kimanin 350,000 duk shekara a ƙasashe 125. A 1996 Nelson Mandela ya ƙaddamar da yaƙin korar ta daga Afirka. A wannan shekarar ce kuma sankarau ta yi wa Arewa kamun da tsofaffi ba su manta ba: sama da mutum 100,000 suka kamu a Najeriya, sama da 11,000 suka rasu, ga ƙyanda da amai da gudawa a lokaci guda. Asibitin Zana na Kano ya cika ya batse. A tsakiyar wannan hali kamfanin Pfizer ya zo ya gwada sabon maganinsa, Trovan, a binciken da ya shafi yara 200. Rabi aka ba su sabon maganin, rabi aka ba su wani da aka sani. Yara 11 suka rasu, wasu suka tashi da kurumta ko shanyewar jiki. Kamfanin ya ce sankarau ce ta yi ɓarnar, iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba. Jaridar Washington Post ta fallasa batun a Disambar 2000, sai a 2009 aka yi sulhu da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75, ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba.

Da wannan tabon a zukata aka shiga 2003. Dakta Ibrahim Datti Ahmed, likita kuma shugaban Majalisar Ƙoli ta Shari'a a Najeriya, ya yi zargin an gauraya maganin ɗigon da sinadarin hana haihuwa. Kano da wasu jihohi suka dakatar. Talakan ƙauye ma yana da tasa tambayar mai nauyi: ƙyanda da zazzaɓin cizon sauro na kashe 'ya'yansa, in ya je asibiti a rubuta masa magani ya saya, to me ya sa wannan kaɗai ake biyo shi da shi har zaure kyauta? Tambayar tana kan hanya, kuma an daɗe ba a ba ta amsa ba. Amma waɗanda suka biya bashin gardamar yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. A 2002 yara 202 aka tabbatar sun kamu a Najeriya, a 2004 sun kai kusan 800, a 2006 sun haura 1,100. Ƙwayar ta tsallaka zuwa ƙasashe kusan 20 da suka riga suka rabu da ita, har Yaman da Indunusiya. Daga Indunusiyar ne kuma Kano ta yarda a kawo maganin da ta koma amfani da shi.

Gyaran ya ɗauki shekara goma, kuma sarakuna ne suka riƙe shi. A 2009 Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar ya jagoranci kafa kwamitin sarakunan Arewa kan lafiya a matakin farko, umarni ya riƙa sauka daga sarki zuwa hakimi, zuwa dagaci, zuwa mai unguwa, wanda ya san gidan da aka haihu jiya. Waɗanda cutar ta gurgunta suka riƙa bin masu rigakafi a kan kekunansu suna cewa iyaye su dube su. An zubar da jini a hanya: ranar 8 ga Fabrairun 2013 'yan bindiga suka kashe ma'aikatan rigakafi 9 a birnin Kano, yawancinsu mata. Yaro na ƙarshe da asalin ƙwayar ta gurgunta a jihar Kano ɗan Sumaila ne, a Yulin 2014. Bayan ta sake ɓulla a Barno a 2016, sai ranar 25 ga Agustan 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da ita. Har yanzu ana zagayen ɗigo, saboda inda yara da yawa ba su sami rigakafi ba, raunanniyar ƙwayar da ke cikin maganin kan yi ta yawo har ta sake yin ƙarfi.

Wannan yaƙi ya bar gadon da ba a cika maganarsa ba. An kafa tsarin sa ido da ya kai kowace ƙaramar hukuma, har da Rogo da Ƙaraye. Duk yaron da bai kai shekara 15 ba, ƙafarsa ko hannunsa ya saki farat ɗaya, ana so a kai rahoto, kuma masu ɗori da masu maganin gargajiya da masu kemis suna cikin masu kai labari. Jami'i ya zo ya ɗauki kashin yaron sau biyu, da tazarar kwana guda, cikin kwana 14 da fara ciwon, ya sa a akwatin ƙanƙara, a kai ɗakin gwaji na Ibadan ko na Maiduguri. Tun 2011 ma ana ɗibar ruwan manyan kwatocin birnin Kano ana neman ƙwayar. A waɗannan gwaje-gwaje, dangin shan inna suna fitowa a kai a kai. Ƙa'idar aikin ta ce in ba a same su a aƙalla kashi 10 cikin 100 na samfuran ba, to a bincika, wataƙila ƙanƙarar ta narke a hanya ƙwayoyin sun mutu. Wato shekara da shekaru muna ganin waɗannan ƙwayoyi a hanjin yaranmu, amfaninsu a takarda shi ne shaidar cewa akwatin ya isa da sanyinsa. Su ne kuwa irin waɗanda suka kashe jariran Johannesburg.

Babba ko yaron da ya tasa, in ɗaya daga cikinsu ta kama shi, yakan yi mura ko gudawa ko ƙuraje ya warke. Jariri sabon haihuwa ba haka ba ne. Garkuwar jikinsa ba ta nuna ba, abin da yake da shi aro ne daga uwa, ta mabiyiya da ta nono. In uwar ta kamu ana gab da haihuwa, kafin jikinta ya haɗa makamin da za ta miƙa masa, ƙwayar kan shige shi ba mai tsare ta, ta kai ƙwaƙwalwa da zuciya da hanta. Ko inda ake da kayan aiki abin na kisa: tsakanin Yulin 2022 da Afrilun 2023 jarirai 9 a Faransa suka kamu da wani nau'i na wannan zuri'a, 7 suka rasu. Akwai kuma wata makusanciyar zuri'a, farekobairas, wadda nau'inta na uku, da aka fara ganowa a Japan, ke sa jariri zazzaɓi da kukan da ba ya rarrasuwa, wani lokaci da jijjiga.

Wadda ta fi su muni ita ce hapis, ƙwayar da ke fito wa manya da ƙananan ƙuraje masu ruwa a leɓe ko a al'aura. Yawanci jariri a hanyar haihuwa yake ɗaukarta, sau da yawa uwar ba ta san tana da ita ba, kaɗan kuma daga bakin mai ƙurjin leɓe da ya sumbace shi. Takan bayyana a mako na biyu ko na uku. In ta shiga ƙwaƙwalwa ba a yi magani ba, kusan rabin jariran ke mutuwa, yawancin waɗanda suka rayu kuma da nakasa. Ita ce kuma mai magani a cikinsu, asaikulobiya, wanda aka samo a shekarun 1970, ana ba da shi ta jijiya har kwana 21. Kowace rana da aka yi jinkiri tana rage amfaninsa.

Matsalar ita ce jariri ba ya nuna alamar da tarihi ya koya mana. Mun koyi duba wuyan da ya sandare, mun koyi duba ƙafar da ta saki, shi kuwa ɗan mako biyu sau da yawa wuyansa laushi ne ko da ciwon ya yi nisa. Alamunsa su ne ƙin nono, barci mai nauyi wanda sai an taɓa shi yake motsi, zafin jiki ko sanyinsa, numfashi da sauri, kumburin maɗiga, kuka mai tsini, ko jijjigar da ba ta wuce ƙifta ido da tauna baki da rawar hannu guda ba. A karkara, inda mafi yawan haihuwa a gida take, mai jego ba ta fita, kuma ba ita ke da ikon cewa a tafi asibiti ba. Kafin a jira maigida, a gwada tofi da hayaƙi, a aika kemis a sayo maganin zazzaɓi, kwana biyu sun wuce. Makon farkon haihuwa kuma shi ne na 'yan barka, jariri na yawo daga hannu zuwa hannu har ranar suna. Al'ada ce mai kyau, ba na fatan ta mutu. Abin da take buƙata buta da sabulu a bakin ƙofa, da uwar ɗaki mai iya ce wa mai mura ko mai ƙurjin leɓe ta yi barkarta daga nesa.

Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna jarirai 39 cikin kowane 1,000 ke mutuwa a Najeriya kafin su cika wata guda, kuma cututtukan da ƙwayoyi ke kawowa suna cikin manyan dalilai, tare da haihuwar bakwaini da wahalar naƙuda. Zariya ta sake taka rawa a nan. Tana cikin wuraren da aka yi babban binciken da aka buga a 2015, tare da Ibadan da Ile-Ife da wasu yankuna a Kenya da Kongo, wanda ya nuna cewa idan iyaye ba za su iya kai jariri babban asibiti ba, ana iya yi masa allurar jentamaisin da maganin sha na amoksisilin a ƙaramin asibiti. Hukumar Lafiya ta Duniya ta mai da shi ƙa'ida a shekarar. Waɗannan magunguna bakteriya suke kashewa, amma dole a ba kowane jaririn da ya nuna alamun, don ido ba ya bambance mai bairas da mai bakteriya, kuma jira na iya zama ajali. Wanda nasa na bairas ne, abin da ke riƙe ransa ɗumi ne, da nono ta bututu in ya kasa tsotso, da iskar numfashi, da maganin tsayar da jijjiga, har jikinsa ya ci ƙarfin ƙwayar. Jaririn da ke jijjiga ko ya daina motsi kuwa sai babban asibiti, na Shika a Zariya ko na Kano.

A ɓangaren bakteriya an ci gaba sosai: rigakafin nau'in sankarau da ya yi ɓarnar 1996 ya shigo Najeriya a 2011, a 2024 kuma ƙasar ta zama ta farko da ta fara amfani da sabon mai kare nau'i biyar. Dangin shan inna da hapis ba su da rigakafin da ake yi wa yaranmu. Ƙyanda, wadda ke kumbura ƙwaƙwalwar kamar yaro guda cikin 1,000 da ta kama, tana da shi kyauta a wata tara.

Gano bairas a ruwan laka yana buƙatar gwajin PCR, wanda ke karanta ƙwayar halittar cutar. A 2020, da korona ta zo, an kafa ɗakunan irin wannan gwaji a Kano, a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da Jami'ar Bayero, da wanda Gidauniyar Ɗangote ta bayar. Irin injin da ke gano korona a majina shi ke gano entarobairas da hapis a ruwan bayan jariri, sinadarin da ake zuba masa ne ya bambanta. Jami'in sa ido na ƙaramar hukuma yana nan da akwatin ƙanƙararsa, masu unguwanni na Zoza da Ruwan Bago da Jajaye sun saba kai rahoton yaron da ƙafarsa ta saki. Abin da nake so a ƙara a takardar da suke cikewa layi guda ne, wanda ungozoma za ta amsa: jarirai nawa ne a unguwar nan suka daina kama nono kafin arba'in, kuma ina aka kai su.